Zarton firam: yadda na haɗa nawa da yadda nake tsaga katako da shi

Wata Hajiya a nan unguwar Gangare, cikin Jos, ce sanadin da na haɗa zarton firam. Ta aiko yaro da falanki biyu na maɗaci a baro, ragowar teburin marigayi mijinta, ta ce in yi wa 'ya'yanta mata uku akwatunan ajiye Alƙur'ani, kowace ta samu abin tunawa da mahaifinta. Kowane falanki tsawonsa ƙafa 4, faɗi inci 10, kauri inci 2. Ƙaramin akwati kuwa ba ya son katakon da ya wuce rabin inci, in ya wuce sai ya yi nauyi kamar turmi.

Na ɗauki guda na kai wa wani mai inji. Faifan zartonsa inci 12 ne, irin wannan faifai kuma abin da ke leƙowa saman tebur bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, wato inci 4. Ya ci 4 ta wannan gefe, ya juya ya ci 4 ta wancan, tsakiya ta rage inci 2 a haɗe, tsagar biyu ba su saitu da juna ba, ga ƙuna baƙi ƙirin a ciki. Bayan na gama gogewa, falle biyu kacal na samu a inda ya kamata a samu uku. Raina ya ɓaci ƙwarai, don katakon amana ne, kuma irin wannan tsohon maɗaci ko ka zagaye Kasuwar Katako da kuɗi a hannu da wuya ka same shi.

Na kai wa tsohon maigidana, wanda ya koya mini sana'a. Ya juya katakon, ya shafa ƙunar da yatsa.

"Kai yaro, wa ya ce ka kai wannan inji? Mu da hannu muke tsagawa."

"Baba, inci goma da zarton hannu? Ai karkacewa zai yi."

"Ba wannan zarton ba. Je ka nemo ruwan zarto mai tsawo ka dawo."

Abin da ya nuna mini firam ne na katako kamar na taga, da ruwan zarto ɗaure a tsakiya. In ka kwantar da firam ɗin, ruwan yana tsaye, haƙoransa na kallon ƙasa. Zarton hannu kaurin ƙarfensa ne ke riƙe shi, shi ya sa yake lanƙwasa in ka tura shi cikin katako mai faɗi. Wannan kuwa ja ake yi masa daga baki biyu kamar tsirkiyar baka, sai siririn ƙarfe ya miƙe ya ƙi tanƙwaruwa. Tsohon abu ne. Wani kafinta Bafaranshe mai suna Roubo ya zana irinsa a aikin da ya wallafa a Paris tsakanin 1769 da 1775, mutum biyu suna ja suna fitar da siraran falle, shi ya sa kafintocin Turai da Amurka suke kiran zarton da sunansa har yau.

Ka fara da neman ruwan, don da tsawonsa za ka auna komai. Ga mutum ɗaya inci 36 ya yi. Ƙa'idar da nake bi ita ce tsawon ruwa ya kai kusan ninki uku na faɗin katakon da za ka tsaga, in ba haka ba ba ka da filin ja da turawa, dusa ta taru a ciki ta shaƙe haƙora. Masu injin tsaga a Katako suna da ruwan zarton bel, wato na injin da ruwansa ke zagayawa kamar bel, wanda ya tsinke, ba su da abin yi da shi. Nemi mai faɗin inci ɗaya da kwata ko fiye, kauri kamar milimita 1. In ka samu mai faɗin inci 2 ko 3 kada ka bari, don faɗi shi ke hana zarto yawo. Tafi da fayil a aljihu ka gwada shi a bayan ƙarfen. In fayil ya ci, saya. In ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, bar shi, ba za ka iya wasa shi ba.

Haƙoran inji ba su yi wa hannu daidai ba. Sun yi girma, kuma sun sunkuya gaba, da ka tura sai su caki katako su tsaya cak. Ni sharewa nake yi da giranda, kaɗan-kaɗan, ina tsoma ƙarfen a ruwan sanyi. Kada ka bari ya yi shuɗi, in ya yi shuɗi wurin ya mutu, haƙorin da ka fitar a nan ba zai riƙe kaifi ba. Sabbin haƙora a bayan ƙarfen nake fitar da su, inda bakinsa yake miƙe tun daga masana'anta.

Nan ne wurin haƙuri. Zana layuka a dogon tsirin takarda, tsakanin kowane biyu milimita 8, wato haƙori 3 a inci guda, ka manna a jikin ƙarfen. Matse ƙarfen tsakanin katako biyu a bayis, wato abin matsewa na jikin benci, ɗan kaɗan kawai ya leƙo sama don kada ya riƙa rawa. Yi ɗan tsagi a kan kowane layi da zarton ƙarfe, sannan ka bi da fayil mai kusurwa uku. Kada ka gama haƙori ɗaya ka koma na gaba. Bi su duka da shafa uku-uku, ka dawo farko ka sake, har su taso tare. Kusan haƙori ɗari ne. Ni wuni guda ya ci mini, da fayil biyu.

Haƙorin tsaga daban yake da na yanka. Na yanka kamar wuƙa yake, yana datse jijiyar katako. Na tsaga kamar ƙaramin cizal ne, yana ɓantarowa yana bin jijiya. Don haka fayil ɗinka ya ratsa ƙarfen kai tsaye, kada ya karkata hagu ko dama. Gaban haƙori ya kusa miƙewa tsaye, ya ɗan jingina baya kaɗan, kamar digiri 5 zuwa 8. In ka bar shi tsaye sosai zai yi sauri amma zai riƙa fizgar hannu a maɗaci da kawo. Da ka gama, shafa fayil mai faɗi a saman haƙoran sau ɗaya ko biyu. Kowane haƙori zai nuna ɗan farin tabo a kansa, sai ka wasa har tabon ya ɓace, ka tsaya nan take. Ta haka tsayinsu zai zo ɗaya, kowanne ya yi nasa aikin.

Saura buɗa haƙora, ɗaya hagu ɗaya dama. Yawancin masu koyo a nan suke ɓata zarto, suna ganin in an buɗa da yawa zai fi gudu. Ba haka ba ne. Buɗi mai yawa yana ba ruwan filin yawo a cikin tsaga, ya ci katako a banza, ya ci ƙarfinka. Ƙarfe mai kaurin milimita 1, tsagarsa kada ta wuce ɗaya da rabi. Kan haƙori kawai ake lanƙwasawa, ba daga gindi ba, don daga gindi yake karyewa. Ni wani guntun ƙarfe na tsaga wa baki nake amfani da shi, ina ƙirga ƙarfin hannuna ya zama iri ɗaya.

Sai huda baki biyu, rami mai milimita 5 ko 6, kamar rabin inci daga ƙarshe. Ƙarfen yana da tauri, yana cinye bakin diril. Naɗe sauran da jiƙaƙƙen tsumma, ka gasa ƙarshen kaɗai har ya yi ja-ja, ka bar shi ya huce da kansa, sannan ka huda a hankali da ɗigon mai.

Firam ɗin ba shi da wuya, katako huɗu ne. Gajeru biyu na sama da ƙasa ina ce musu kafaɗu, dogaye biyu na gefe ƙafafu. Kafaɗu su ke ɗaukar wahala, don ruwan yana jan su ta tsakiya, ƙafafu suna tokare su ta gefe. Nawa na kawo ne, tsawo inci 26, kauri 2 da 3, kuma ɓangaren inci 3 shi ke fuskantar jan. A nemi busasshe mai miƙaƙƙiyar jijiya, ba ƙulli ko ɗaya a tsakiya. Obeche, farin katakon nan mai laushi, bai yi ba, wasa, wato zoben ƙarfen da ake sawa ƙarƙashin noti, za ta nutse a cikinsa. Itacen turare ma, wanda aka shuka da yawa a Filato a filayen da aka haƙi kuza, ga shi da arha amma yana murɗewa yana tsagewa in yana bushewa, ban yarda da shi a kafaɗa ba. Ƙafafu kuwa busasshen malaina ya isa, inci ɗaya da rabi da inci 2.

A kan kowace ƙafa fitar da harshe mai tsawon inci 1, a kafaɗa kuma ka fafe masa rami inci 4 daga ƙarshe, wannan inci 4 ɗin shi ne mariƙinka. Tsakanin kafaɗa da kafaɗa ya zama inci 38, wato an bar inci ɗaya-ɗaya a bakin ruwan don samun wurin ja. Haɗa ƙafafun biyu ka zana su tare da sikwaya ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya ko da kaurin farce ne, firam zai murɗe da zarar ka ɗaure. Kada ka sa gam, kada ka buga ƙusa. Jan ruwan shi ke riƙe komai, kuma ranar da za ka yi aiki a wani gida sai ka kwance ka ɗaure su a bayan babur.

Abin ɗaurewa bol ne guda biyu masu kaurin milimita 12, tsawo inci 7. Yanke kansu, ka tsaga wannan bakin a tsaye zurfin inci 1 da zarton ƙarfe yadda ruwan zai shiga, ka huda shi a gicciye don sa ƙusa mai kauri ta riƙe. Huda tsakiyar kowace kafaɗa, bol ya ratsa, ka sa babbar wasa da noti ta waje. Aibin wannan hanya ɗaya ne: in kana ɗaure noti, bol yana son juyawa ya murɗa ruwan. Riƙe shi da filaya lokacin ɗaurewa, sannan ka ɗaga firam ɗin ka hanga ta tsawonsa da ido ɗaya, kamar mai duba miƙewar rake. Bakin kusa da na nesa su ɓoye juna. Daga baya na sa mai walda ya manna mini ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu a wuyan kowane bol, na fafe masa gurbi a kafaɗa, tun daga nan ban sake fama da murɗewa ba.

Ɗaure har in ka ɗana ruwan da yatsa ya yi ƙara siririya kamar tsirkiyar garaya, in ka tura shi gefe da babban yatsa da ƙyar ya motsa. Mu a Jos akwai abin lura. Katako ba ya raguwa sosai ta tsawo, ta kauri yake tsukewa. Da hunturu ya shigo sai kafaɗu su rame a ƙarƙashin wasa, noti ya saki. Kullum da safe ka ɗana ruwan ka ji kafin ka fara.

Yanzu tsagar kanta. Baba ya ce mini zarto ba ya neman hanya, hanyar da aka ba shi yake bi, kuma na gwada na gani. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Fara yanke katakon daidai tsawon da kake bukata. Falankin Hajiya na raba shi ƙafa biyu-biyu, don gajere ya fi sauƙin sarrafawa. In tsohon katako ne bi shi da maganaɗisu, ƙusa ɗaya da ta karye a ciki za ta zubar maka da aikin wuni guda. A teburin nan na ciro uku. Goge fuska ɗaya da filen ta kwanta sumul, gefuna biyu su zo daidai da sikwaya. Daga wannan fuska kaɗai za ka ɗauki awo. Sa geji, wato abin zana layi a tazara ɗaya daga fuskar katako, ka ja layi ya zagaye bakuna huɗu, ka matsar da shi milimita 2 ka ja na biyu, zarto ya bi ta tsakaninsu. Ƙara milimita 2 ko 3 a kan kaurin da kake so, na gogewa.

Kafin zarton firam ya taɓa katakon, ɗauki ƙaramin zarton hannu ka yi kwalbati mai zurfin rabin inci tsakanin layukan, ya zagaye duka. Wannan aiki yana cin minti goma sha biyar, kuma shi ne rabin nasara, don ruwa yakan bi inda ya fi sauƙi. Da na ga ina yawan yi, sai na ɗaure guntun ruwan zarto a jikin katako mai ɗan dogari a gefe, ina tura shi kamar filen, yana fitar da kwalbatin a tazara ɗaya ba sai na zura ido ba.

Benci ya zama mai nauyi. Nawa sai da na ɗora buhun yashi biyu a ƙasansa na jingina shi da bango. Kafa katakon a bayis, ka karkata kansa ya yi nesa da kai, yadda za ka ga layin sama da layin da ke gabanka a lokaci guda. Fara daga kusurwar da ta fi tsayi. Kama kafaɗa da hannu biyu, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ka ɗan ɗage nauyin zarton a ja biyar na farko har ya zauna. Daga nan kada ka danna. Nauyinsa ya ishe shi. Kai dai tura ka ja da jikinka duka, daga wannan baki zuwa wancan, numfashinka na bin tafiyar. In ka ji kafaɗunka na zafi tun farko, dannawa kake yi.

Kada ka ci fiye da inda idonka ke gani. Gangara inci 3 ko 4 ta gefenka, kwance, juya katakon, ka ci ta ɗaya gefen. Kowane juyi yana barin ɗan tudu mai kusurwa uku a ciki, sai ka kwantar da zarton ka share shi, tsagar gefe biyu suna yi masa jagora. Juyin yana da gajiyarwa, na sani, amma shi ke hana ruwan yin ciki a tsakiyar katako inda ba ka gani.

Ranar da na tsaga falankin Hajiya na biyu, yarona yana tsugune ta baya da fitilar waya, yana hure dusa daga kan layi. Mun kai kamar inci 7 sai ya ce, "Oga, dakata, ya fara lasar layin hagu." Na leƙa, gaskiya ne, layin ya fara siranta. Ban murɗa firam ɗin don in dawo da shi ba, murɗawa ita ke sa ruwa ya yi baka a ciki. Na ja zarton sama inci 2, inda tsagar take lafiya, na juya katakon wannan gefe ya dawo gabana, na sauko a hankali ina goga haƙoran a bangon dama. Ja ashirin ya koma hanya. Da ya sake yi a guntu na gaba, kuma hagu dai, sai na gane laifin haƙora ne, buɗin hagu ya fi. Na kwantar da ruwan, na shafa dutsen wasa sau ɗaya a gefen hagu daga baki zuwa baki. Sau ɗaya tak, ka gwada, don abin da dutse ya cire ba ya dawowa.

Shafa kyandir a jikin ruwan lokaci-lokaci. In tsaga ta fara matsewa, tura ɗan weji siriri a sama, amma kada ka buga shi da ƙarfi, zai iya tsaga katakon gaba da zarto ya bi jijiya ya bar layi. In firam ya kusa taɓa bayis, juya katakon ƙasa ta koma sama ka fara daga can, su haɗu a tsakiya. Sa ɗan falle mai kaurin tsagar a cikin ɓangaren da ka riga ka yanka kafin ka matse, don kada bayis ya rufe shi. In loko kake tsagawa rufe hanci da takunkumi, ƙurarsa tana sa wasu atishawa da ƙaiƙayi, kuma yakan ɓoye wani farin abu kamar dutse a ciki mai dakushe haƙora. In ku biyu ne, ɗaya ne ke jagora, na biyun ya riƙe kawai ya kula da layinsa.

Guntu mai faɗin inci 10 da tsawon ƙafa 2 yana ɗaukata kusan minti arba'in. Falle na farko ya fita, na sake goge fuskar da ta rage ta kwanta, na sake zana layi, na fitar da na biyu. Daga kaurin milimita 50 na samu falle uku, kowanne kusan 15.

Kada ka kai musu filen a ranar. Cikin katako ya fi wajensa laima, kuma akwai ja-in-ja da ke ɗaure a jijiyarsa, da ka buɗe shi sai ya motsa. Da hunturun Jos falle yana iya yin kwano kafin la'asar. Jera su da 'yan sanduna a tsakani, iska ta ratsa ta sama da ƙasa, ka ɗora bulo biyu, a cikin shago inda ba rana ba iska mai kaɗawa. Na Hajiya kwana tara na bar su. Da na goge suka tsaya a milimita 12 da ɗoriya.

Falle biyu da suka fito daga tsaga ɗaya, in ka buɗe su gefe da gefe, zanen jijiyarsu yana kallon juna kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Da irinsu na yi murafen akwatunan, na haɗa su da gam a tsakiya. A wani guntu akwai tabon tawada da ya nutse a fuskar teburin ta asali, ban goge shi ba, na mai da shi cikin murfin akwatin babbar 'yar. Da na kai, Hajiya ta buɗe ta daɗe tana kallon tabon, ta ce a wannan kusurwa Malam yake ajiye kurtunsa. Na koma shago na sassauta notin zarton juyi biyu, na shafe ruwan da mai saboda damina ta kusa, na rataye shi a bango.